Yadda ake ratsa hamadar Maroko da mota mai ɗaki a lokacin sanyi

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne kudancin Maroko yake cika da motoci masu ɗaki, irin waɗanda ke da gado da wurin girki da bayi a ciki. Yawancin masu su dattawan Faransa da Jamus ne da suka gudo wa sanyin ƙasashensu. Da bazara zafin Merzouga, garin da ke bakin rairayin hamada, yana wuce digiri 40, ba mai iya kwana cikin akwatin ƙarfe a wannan yanayi. Da hunturu kuwa rana takan tsaya wajen digiri 18 zuwa 20, ka yini kana yawo ba gumi. Matsalar tana zuwa ne bayan magariba, domin sanyin dare yakan sauka kusa da sifili, kuma kafin ka ga rairayi sai ka haye duwatsun Atlas inda dusar ƙanƙara take rufe hanya. Wanda ya saba da hunturun Kano ko Damagaram kada ya ɗauka ya san wannan sanyin. Duk shirin da zan bayyana a nan ya ginu ne a kan abu biyu: yadda za ka kwana da ɗumi ba tare da ka cuci kanka ba, da yadda za ka hana motar shiga inda ba a ƙera ta don shi ba.

Hanyar da na fi so ga sabon shiga zagaye ce ta kusan kilomita 1,600: Kasablanka, Fas, Ifrane, Azrou, Midelt, Errachidia, Erfoud, Rissani, Merzouga, sannan a juyo ta Tinghir da Ouarzazate, a haye mashigin dutse na Tizi n'Tichka a sauka Marrakesh, a koma Kasablanka. Duk kwalta ce. Ka ware mata kwana goma zuwa sha huɗu. Sunayen ƙananan garuruwan na bar su yadda suke a allunan hanya don ka gane su idan ka gani.

Abin da za ka tanada

Takardu tukuna. Fasfo, da biza ga ɗan Najeriya (ofishin jakadancin Maroko yana Abuja), da lasin tuƙinka tare da na ƙasa da ƙasa, da takardar hayar mota da ta inshora. Ranar da ka sauka, jami'in shige da fice zai sa maka wata lamba kusa da hatimin shiga. Ka kwafe ta a waya, domin kusan duk masaukin da ka je za a ba ka fom da ke neman ta.

Mota. Can ana ce mata kamfin-kar. Kamfanonin haya sun fi yawa a Marrakesh da Kasablanka, kuma ba su kai na Turai yawa ba, don haka ka kama taka da wuri. Ka nemi wadda nauyinta bai wuce tan uku da rabi ba, wadda lasin ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta. Tambaya ta farko da za ka yi wa mai haya, tun kafin kuɗi, ita ce: akwai na'urar ɗumama ɗaki, kuma da me take aiki? Idan ya ce babu, ka nemi wata motar. 'Yan'uwa mazauna Turai da ke da tasu motar sukan hau jirgin ruwa daga Algeciras ta Sifaniya zuwa Tanger Med, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Su sai su duba cewa inshorarsu ta haɗa da Maroko, in ba ta haɗa ba a sayi wata a tashar.

Kayan ceton mota: shebur mai dogon hannu, igiyar ja mai ƙarfi, faranti biyu na sa wa ƙarƙashin taya in ta nutse, famfon taya mai aiki da batirin mota, ma'aunin iska, jak da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai, safaya mai iska, da sarƙar taya ta dusar ƙanƙara. In ba ka sami farantan ba, tabarman ƙasan mota na roba ko tsohon kafet suna ɗan taimakawa. Katakon nan kada ka raina shi: jak a kan rairayi nutsewa yake yi maimakon ya ɗaga mota.

Kayan sanyi: bargo biyu masu kauri ga kowane mutum ko jakar barci da aka yi don sifili, hular sanyi, safar ƙafa da ta hannu, riguna na ciki masu manne jiki, da babbar rigar sanyi. Idan ba ka zo da su ba, jallabiyar ulu mai hula da 'yan ƙasar suke sawa ta fi yawancin abin da za ka kawo daga gida, kuma tana nan a kasuwar Fas ko Azrou. Ka haɗa da rawani ko mayafi na rufe hanci, man shafawa, man leɓe da tabarau.

Sauran: jarkokin ruwan sha, tocila ta goshi, akwatin magani, na'urar gano iskar gas mai guba, doguwar wayar jan wuta, da adafta. Soket ɗin Maroko na ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa. Mutanen Nijar sun saba da shi, amma filogin Najeriya mai ƙafa uku ba zai shiga ba. Ka sayi layin waya a filin jirgi. Akwai Maroc Telecom da Orange da Inwi, kuma na farkon ya fi kamawa a ƙauyukan kudu. Ka sauke taswira a waya yadda za ta yi aiki ba intanet, ka kuma sa manhajar Park4night, wadda masu irin wannan tafiya suke nuna wa juna wuraren kwana da ita. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa ka bar shi a gida, kwastan suna ƙwace shi.

Mataki na 1: Karɓar mota

Kada ka karɓi makulli cikin gaggawa. Ka ba abin awa guda. Ka zagaya motar kana ɗaukar bidiyo, har rufinta da ƙarƙashinta. Ka sa ma'aikacin ya kunna na'urar ɗumama ɗaki a gabanka, ka jira har iska mai zafi ta fito, sannan ka kashe ka kunna da hannunka. Haka za ka yi da murhu, da famfon ruwa, da firji. Ka ce ya nuna maka yadda ake zaro tankin bayi da inda ake buɗe ruwan wanke-wanke.

Ka buɗe bonet ka duba ruwan lagireto. Dole ya zama mai launi, wanda aka haɗa da maganin hana daskarewa. Mu a gida mun saba zuba ruwan famfo zalla, kuma ba abin da yake faruwa. A Ifrane ko Midelt wannan ruwan zai iya zama ƙanƙara cikin dare ya fasa inji. Idan ya ragu a hanya, ka sayi haɗaɗɗe a gidan mai.

Ka rubuta tsayin motar da faɗinta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Za ka gode wa kanka a ƙofar gari mai baka ko ƙarƙashin reshen dabino. Ka kuma karanta sashen inshora da ya yi magana a kan barin kwalta. Galibi da zarar ka sauka kan hanyar ƙasa, duk abin da ya sami motar daga aljihunka ne.

Mataki na 2: Sayayya da kwanan Fas

Daga Kasablanka zuwa Fas babbar hanya ce mai kuɗin shiga, kusan kilomita 300 ta Rabat da Meknes. A dama ake tuƙi kamar gida, kuma a 2025 agogonsu ɗaya yake da na Najeriya da Nijar, sai a watan azumi da suka mayar da shi baya da awa guda. Tsohon garin Fas mota ba ta shiga, lungunansa na ƙafa ne da alfadari. Ka ajiye motar a sansanin masu yawon buɗe ido a wajen gari ko a filin ajiya mai maigadi, ka shiga da tasi. Mai niyyar ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815 kuma kabarinsa yake cikin garin, sai ya ware yini guda cur, ya haɗa da masallacin Ƙarawiyyin.

A nan za ka yi babbar sayayya: shinkafa, taliya, mai, gwangwanin kifi, shayi, sukari, madara, albasa. Burodi da ƙwai da kayan miya suna ko'ina a hanya, ba sai ka tara ba. Yajinka dai ka taho da shi daga gida, abincinsu ba ya da zafi. Ka canza kuɗi zuwa dirhami, ka riƙe ƙananan canji da yawa, kuma kada ka dogara da katin banki ɗaya.

Mataki na 3: Hayen duwatsun tsakiya

Daga Fas zuwa Merzouga kusan kilomita 470 ne. Direbobin yawon buɗe ido suna cinye ta a yini ɗaya. Kai ka raba ta biyu, ka kwana a Midelt. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin ka tashi ka duba hasashen yanayi na Ifrane, ka kuma tambayi masu gidan mai ko hanya a buɗe take. Ifrane tana sama da mita 1,600, kuma a can aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifili, a 1935. Bayan Azrou hanya mai lamba N13 tana ratsa dajin itatuwan sida, inda birai suke zama a bakin titi suna jiran masu ba su gyaɗa, sannan ta haura zuwa mashigin dutse na Col du Zad, sama da mita 2,100. Akwai shingayen ƙarfe da hukuma take rufewa idan dusar ƙanƙara ta sauka, har sai motar share hanya ta wuce. In ka tarar an rufe, ka jira ko ka koma Azrou ka kwana. Kada ka nemi wata ƙaramar hanya a taswira don ka kewaye shingen. Ita ba mai share ta.

Kada ka tashi da asuba a wannan yanki. Ruwan da ya kwanta a kan kwalta yakan daskare cikin dare, ba ka ganinsa sai mota ta fara zamewa. Ka bari sai wajen ƙarfe goma. A gangare ka sa giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe motar. Mai danne birki tun daga sama har ƙasa da mota mai tan uku zai ji ƙauri, daga nan birkin ya daina kamawa. Sarƙar taya kuma ka gwada ɗaura ta sau ɗaya a filin ajiya da rana, a tayoyin da ke jan motar, wanda a yawancin waɗannan motoci na gaba ne.

Jandarmomi, wato jami'an tsaron hanya da karkara, suna da shingaye a mashigar kusan kowane gari. Ka rage gudu tun daga allon farko, in allon ya ce a tsaya ka tsaya cak har sai an yi maka hannu. Iyakar gudu 60 ce a cikin gari, 100 a waje, 120 a babbar hanya, kuma suna da na'urar auna gudu suna amfani da ita. Sallama da fara'a da takardu a hannu sun isa. In an ci ka tara, ka biya ka karɓi rasit. Baƙar fata yakan sha tambaya fiye da Bature saboda batun 'yan ci-rani masu neman tsallakawa Turai, don haka fasfo ya kasance kusa, ba a ƙasan akwati ba.

Mataki na 4: Yadda ake kwana cikin sanyi

Nan ne tafiyar take daɗi ko ta lalace, don haka zan daɗe a kai.

Ka isa masauki rana tana sama. A ƙarshen Disamba rana takan faɗi wajen shida da kwata a agogon Najeriya, ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, dare ne mai tsawo. Ƙarfe huɗu ya same ka ka riga ka tsaya. Tuƙin dare a kudu yana haɗa ka da keke marar fitila, da amalanken jaki, da masu tafiya a ƙafa cikin baƙar jallabiya.

Wurin kwana mafi sauƙi shi ne sansani ko harabar ƙaramin masauki, inda za ka sami wuta da ruwa da wurin zubar da bayi a kan kuɗi kaɗan. Ka daidaita motar a wuri mai shimfiɗa, ka juya gilashin gaba wajen gabas don ranar safe ta ɗumama ɗakin. Da rana ta faɗi ka rufe labule da murfin gilashi, domin ta gilashi yawancin ɗumi yake fita.

Na'urar ɗumama ɗaki iri biyu ce. Mai shan man dizal daga tankin mota take ja, kuma ba ta da ci sosai, amma tana daina aiki idan mai ya yi ƙasa, tana kuma buƙatar batiri mai ƙarfi wajen tashi. Saboda haka ka shiga dare da tanki sama da rabi. Mai aiki da gas tana da wata matsala da ya kamata ka fahimta. Tukunyar gas da ake sayarwa a kowane shago a Maroko butan ce, kuma butan yana daina zama iska idan sanyi ya kai wajen sifili. Sai ka ga tukunya cike amma wuta ta ƙi kamawa, daidai lokacin da ka fi buƙatarta. Furofan, ɗaya nau'in gas ɗin, ba ya haka sai sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Ka tambayi mai haya wanne ya sa maka. In butan ne, ka dafa ruwan shayi tun da dare ka zuba a fulas, ka kuma cika gorar roba mai kauri da ruwan ɗumi ka sa cikin bargo. Kada ka taɓa kusantar da wuta ga tukunya don ka ɗumama ta.

Gargaɗi mafi girma a wannan rubutu: kada ka kunna murhun girki ko ka shigo da garwashi don ɗumama mota a rufe. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da barci, mutum ya wuce daga nan. Abin da yake kashe masu kwana da janareto a ɗaki ke nan. Na'urar ganowa ta kwana a kunne, ƙananan ramukan shan iska na motar kuma kada ka toshe su da tsumma don kana jin sanyi. Idan na'urar ɗumama ta mutu tsakar dare, maganin shi ne ƙarin bargo da hula da safa, ko ka ƙwanƙwasa wa mai masauki ya ba ka ɗaki.

Ka bar tagar rufi a ɗan buɗe ko da yatsa ɗaya. Numfashin mutum biyu yana jiƙa gilashi da bango kafin safiya, katifa ta yi danshi, sanyin ya ninka. Da safe ka goge gilashi, ka shanya barguna a rana.

Wani abin da yake ruɗa sababbi: yawancin tukunyar ruwan zafi ta waɗannan motoci tana da bawul da ke buɗe kansa idan sanyi ya kai wajen digiri 3, ya zubar da ruwan don kada ya daskare ya fasa ta. Sai ka tashi ka ga ƙasa a jiƙe, ka zaci wani abu ya fashe. In ka bar famfo a kunne zai iya janye ruwan tanki duka ya bi ta nan. Ka kashe makunnin famfo kafin ka kwanta, da safe in ɗaki ya ɗumama ka mayar da bawul ɗin.

Farantin sola ba ya cika batiri da hunturu kamar da bazara, rana tana ƙasa-ƙasa kuma ƙura tana rufe shi. Ka riƙa goge shi, ka kuma jona wutar sansani duk bayan kwana biyu.

Alwalar asuba da ruwan tanki jarrabawa ce. Ruwan fulas ɗin nan ka surka shi. Huffin fata ma yana da amfani a nan, ana samunsa a Fas. Ƙasar ta Malikiyya ce, sallarsu ba za ta yi maka baƙunta ba, sai dai masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli.

Mataki na 5: Kwarin Ziz zuwa bakin rairayi

Daga Midelt, garin tuffa, za ka haye Tizi n'Talghemt, ka bi kwazazzabon kogin Ziz, ka ratsa ɗan ramin dutsen da sojojin Faransa suka fasa, ka wuce madatsar Hassan Addakhil ka shiga Errachidia. Bayan garin akwai wurin tsayawa a bakin tudu inda za ka hango dabino cike da kwari har iyakar gani. Ka tsaya, ya cancanta.

A Errachidia ko Erfoud ka cika mai, ka cika ruwa, ka ciri kuɗi. Dizal a can gazwal ake ce masa. Ƙa'idar kudu ita ce tanki ya kai rabi a cika shi. Ruwan sha ka lissafa lita uku zuwa huɗu ga kowane mutum a yini, da ajiyar kwana biyu da ba a taɓawa. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, busasshiyar iska kuma tana tsotse jiki, don haka ka sha ko ba ka ji kana so ba.

Rissani tana cin kasuwa Talata da Alhamis da Lahadi. Ka daidaita tafiyarka ta faɗa ɗaya daga ciki, ka sayi dabino, ka ci madfuna, burodin da ake cusa wa nama da albasa a gasa. A gefen garin kangon Sijilmasa yake, birnin da aka kafa a ƙarni na takwas, inda ayarin raƙuma suke tashi su nufi ƙasashen baƙar fata. Daga nan Ibn Battuta ya kama hanyar Mali a 1352. Ganuwar ƙasa ce kawai ta rage, rabin awa ta ishe ka. A nan ne kuma samari a kan babur za su tare ka su ce hanyar Merzouga ta lalace, su za su nuna maka wata. Ba ta lalace ba, kwalta ce har cikin gari. Ka gode musu ka wuce.

Mataki na 6: A Merzouga, mota ta tsaya a kan ƙasa mai tauri

Tuddan rairayin Erg Chebbi suna kai mita 150 a wasu wurare, sun miƙe fiye da kilomita 20 daga arewa zuwa kudu. Masaukai sun jeru a gindinsu, daga Hassi Labied har Merzouga, kuma da yawansu suna karɓar mota mai ɗaki. Daga kwalta zuwa ƙofarsu akwai 'yar hanyar tsakuwa. Kafin ka shiga kowace, ka sauka ka taka ta da ƙafa. Baƙar tsakuwa tana ɗaukar mota. Inda ƙafarka ta nutse, ko ka ga ƙasa fara mai laushi kamar gari, taya ma za ta nutse.

Motarka gida ce mai nauyi da tayoyi biyu kawai suke ja. Shiga rairayi aikin raƙumi ne da motocin 'yan gari masu jan taya huɗu. Ka yi ciniki da masaukinka su kai ka, ka bar taka a harabarsu. Hanyoyin ƙasa da suka wuce Taouz zuwa yamma ma haka, ba naka ba ne. Gabas kuma iyakar Aljeriya ce, wadda take rufe tun 1994, sojoji suna tsaronta, kada yawo ya kai ka can.

Idan ka kafe duk da haka, ga yadda ake yi. Da ka ji taya tana juyawa mota ba ta motsi, ɗaga ƙafarka daga totur nan take. Kowane ƙarin juyi rami yake haƙawa. Ka sauke mutane da kaya masu nauyi. Ka haƙe rairayin da ke bayan tayoyi huɗun da wanda ya taɓa cikin motar, ka yi gangare mai sauƙi. Ka rage iskar tayoyin da ke ja zuwa kusan rabi don su baje. Ka cusa farantan sosai ƙarƙashinsu, ka miƙe sitiyari, ka koma da baya a hankali ta kan sawunka. Da ka hau tauri ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin wannan nauyi zafi take yi ta fashe. In sau biyu ka gwada bai yi ba, ka daina, kulocin ne zai ƙone. Ka kira masaukinka. Ka yi ciniki kafin a ɗaura igiya, a kuma ɗaura ta a ƙugiyar ja, kowa ya matsa nesa. In wurin ba kowa kuma ba sabis, ka zauna tare da motar. Ita ake hangowa daga nesa, kuma a cikinta ruwa da bargo suke. Lambar jandarma 177 ce, 'yan sanda 19, motar asibiti da 'yan kwana-kwana 15.

Kada ka kwana a busasshen kogi, komai kyan shimfiɗarsa da inuwarsa. Ruwan da aka yi a duwatsu masu nisa yakan iso ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanka ba. Ambaliya ta rushe gidaje a Merzouga kanta a 2006, kuma a Satumban 2024 ruwa ya yi ɓarna da asarar rayuka a kudu maso gabashin ƙasar. Inda kwalta ta ratsa kogi kuma ka tarar ruwa yana gudu a kai, ka jira ya janye. Idan guguwar rairayi ta taso, ka sauka daga titi sosai, ka juya wa iska bayan motar, ka rufe tagogi da na rufi, ka jira.

Kilomita kaɗan kudu da Merzouga akwai ƙauyen Khamlia, na Gnawa, jikokin baƙaƙen da aka haura da su ta hamada. Suna yi wa baƙi kiɗa da garayarsu mai tsirkiya uku da ƙarafunan tafi. Wanda ya taɓa jin garayar 'yan bori zai tsaya ya saurara da kyau. A nan da ko'ina, ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum hoto, musamman mata.

Mataki na 7: Bayi, ruwan datti da shara

Tankin bayi yana cika cikin kwana biyu zuwa uku. A wurin da sansani ya tanada kawai ake zubar da shi. Ruwan wanke-wanke ma kada ka sake shi a gindin dabino ko kusa da magudanar ban-ruwa, da ita mutanen wurin suke rayuwa. Shara ka ɗaure ta har gari. Itacen hamada kuma ba na hura wutar hira ba ne. In kana son wuta ka sayi itace a kasuwa.

Mataki na 8: Komawa ta Tinghir da Tichka

Ka koma Erfoud ka ɗauki hanyar Jorf zuwa Tinejdad. A bakin titi za ka ga jerin tulin ƙasa, bakunan rijiyoyin khettara ne, tsofaffin magudanan ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai inda ake sauka da baƙi a ciki. Daga Tinghir ka shiga kwazazzabon Todra da hantsi, lokacin da rana take samun shiga tsakanin bangayen dutsen. Da yamma wurin duhu ne da iska mai sanyi. Hanyar kwarin Dades tana da kwanoni masu tsini, mai doguwar mota ya tsaya a ƙasa ya hau tasi. Bayan Ouarzazate, Aït Benhaddou tana ɗan gefe da babbar hanya, garin ginin ƙasa da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1987. Ka kwana a nan.

Tizi n'Tichka tana kai mita 2,260, kuma duk abin da na faɗa a mataki na uku ya shafe ta: tambaya kafin tashi, hawa da hantsi, ƙaramar giya a gangare. An faɗaɗa hanyar, amma manyan motoci da bas suna da yawa, kuma kilomita kusan 200 na tsakanin Ouarzazate da Marrakesh za su ci maka awa huɗu ko fiye. Idan an rufe ta kuma jirginka ya matso, akwai zagaye ta Taznakht da Taroudant zuwa babbar hanyar Agadir, wanda zai ci yini guda. Saboda wannan ne nake barin kwana biyu a ƙarshen jadawali ba tare da na sa musu komai ba.

Daren ƙarshe ka kwana a sansani kusa da inda za ka mayar da mota. Ka zubar da bayi ka ɗauraye tankin, ka saki ruwan datti, ka share rairayin da ya shiga layin ƙofa da ƙarƙashin kujeru, ka cika mai daidai yadda ka karɓa. Wajen miƙa makulli ka buɗe bidiyon ranar farko, ku zagaya motar tare da ma'aikacin, kuma kada ka tafi sai ya sa hannu a takardar da ta nuna an karɓe ta lafiya, domin da ita za ka nemi kuɗin ajiyarka.